Sandar Awo Marar Zane

Zangon Kumasi
Janairu, 1970

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, da fatan wannan takarda ta same ka ka riga ka isa Accra lafiya, direba bai yi gudun banza da ku ba, akwatinka bai ɓace a tasha ba. Allah ya tsare ka a hanya, ya tsare ka inda kake kwana da inda kake karatu, ya haɗa ka da abokan kirki. Na sa ta ƙarƙashin ƙullin garin rogon da Mmanka ta ɗaura maka ne don na san nan hannunka zai fara zuwa. Ka yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koyi boko. Kwana uku ina yin ta a rumfa da rana, lokacin da aiki ya lafa.

Ba labarin gida zan ba ka ba, jiya ka bar mu, ka san kowa lafiya. Maganar takardar jarrabawarka ce. Mmanka ce ta same ta a aljihun wandonka za ta yi wanki. Ba ta karatu, amma ta san jan tawada, sai ta kawo mini ta ce, "Malam, wannan jan ya yi yawa, lafiya kuwa?" Sannan ta gaya mini abin da ka faɗa mata a madafa, wai in jarrabawar watan Yuni ta wannan lissafi da kuke kira kalkulas ta sake kayar da kai za a sallame ka, kai kuma ba za ka jira a sallame ka ba, gara ka dawo Magazin, unguwarmu ta masu aikin ƙarfe a Suame, ka kama mini guduma. A nan na gane dalilin da ya sa duk hutun nan kake bina Suame kowace safiya, kai da a da sai an ja ka.

Ban yi maka magana ba, don na san ka, kunya za ta rufe maka baki, ni kuma in na fara faɗa ba na sanin inda zan tsaya. Sai na ɗauki takardar na kai wa Ticha Owusu, tsohon malamin lissafin nan na wajen Manhyia da nake liƙe wa tankin motarsa. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, ya ce mini da Hausarsa ta Asante, "Mumuni, yaron ya sani abin. Gaggawa ne yana cin shi." Na ce to a bayyana mini, ni ma in ji abin da ke cin ɗana. Ya ce wannan lissafi, in an cire masa manyan sunaye, dabara ce ta auna abin da bai miƙe ba: a yanka shi siriri-siriri kamar burodi, a auna kowane yanki, a tara. Wannan alama mai kama da ƙugiyar mahauta da ke ko'ina a takardarka, ma'anarta ke nan, a tara. Ya bi jan tawadar ɗaya bayan ɗaya yana faɗa mini laifinka a kowanne. Babana, wallahi dariya ta kama ni har Ticha ya tsaya yana kallona. Babu kuskure ɗaya a takardar nan da ban riga ka yinsa ba, kai a takarda, ni a ƙarfe.

Na farko, ya ce ba ka zana hoton abin kafin ka fara lissafi. Tambaya ta ce a nemo abin da wani abu mai lanƙwasa zai ci, kai kuma ka faɗa cikin lambobi kai tsaye.

Shekarar da aka haife ka, ban daɗe da gama koyon aiki ba, ina nan dai a rumfar Masta Kwaku. Wani direba mai suna Alhasan, mai kai goro Tamale, ya zo a yi masa tankin ƙari na fetur, mai cin galan arba'in, zagayayye kamar ganga, a kwance ƙarƙashin lori. Ni na yi shi, kuma ya yi kyau, ko ɗigo ba ya yi. Saura sandar awo, wadda ake tsomawa a ga man da ya rage. Masta ya tafi jana'iza ƙauyensu. Na ce mene ne abin wahala a nan? Na auna zurfin tankin, na raba shi gida huɗu daidai wa daida, na sara zane: goma, ashirin, talatin, arba'in. Na goge sandar tana ƙyalli, ina jin kaina.

Ban tsaya na kalli tankin ta gefensa ba. Da na zana da'irar da alli a ƙasa, da na gani da idona cewa gindinta matsattse ne, cikinta ne mai faɗi. Inci ɗaya a tsakiya yana ɗaukar man da inci ɗaya a gindi ba zai ɗauka ba. Alhasan ya tsoma sanda a Atebubu, ya ga zanen galan goma, alhali abin da ke ciki bai kai takwas ba. Ya ce zai kai shi Yeji. Lori ta mutu a daji, saura 'yan mil kaɗan ya isa bakin kogi. Jirgin fito ya tafi ya bar shi, huhunan goro suka yini biyu a rana. Da ya dawo bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ajiye sandar a gaban Masta ya ce, "Ku tambayi wanda ya yi wannan ko ya taɓa ganin cikin ganga."

Masta ya sa na ɗauko garwa, mai galan huɗu. Ya ce in zuba ɗaya in sara zane, in sake zuba ɗaya in sara. Ina yi ina ganin zanen ƙasa sun yi nesa da juna, na tsakiya sun matsu, na sama sun sake buɗewa. Ticha ya ce abin da na yi da garwa shi ne ainihin karatunku, sai dai ku garwarku ƙanƙancewa take yi har ta fi cokali, shi ya sa amsarku ta fi tawa kyau. To ka ji. Kafin ka rubuta ƙugiyar nan, zana abin. Ka ga inda ya fara da inda ya ƙare, inda ya yi faɗi da inda ya matse, ka zana yanki guda siriri a ciki ka tambayi kanka shi kaɗai nawa zai ci. In ka san na yanki guda, sauran tarawa ne. Minti biyu zanen zai ci maka.

Na biyu shi ne harafin nan C da ake ƙarawa a ƙarshen amsa. Sau biyar aka zagaye maka wurinsa da ja. Na tambayi Ticha wannan ɗan abu har ya isa a rage wa mutum maki? Ya ce lissafin yana gaya maka abin da ya ƙaru ne kawai, ba ya gaya maka abin da ke nan tun farko, harafin shi ke riƙe wa wannan wuri. Na ce ya isa, na san shi, har na san sunan matar.

Maame Akosua ce, mai dafa sabulu tana kaiwa Adum. Ta ce in yi mata tankin ruwa da sandarsa, don ruwan da take jiƙa soda da shi sai an auna. Lokacin na riga na yi hankali, ai, da garwa na yi awon, zuba ɗaya zane ɗaya. Abin da na manta, na wanke tankin da safe, ruwan wankin kusan galan uku yana kwance a gindi ƙasa da bakin famfo, ban leƙa ba. Na fara ƙirga daga babu alhali akwai. Kowane zane a sandar nan ya yi ƙarya da galan uku, daga na farko har na ƙarshe. Ta cika zuwa zanen ashirin, ta zuba sodar ashirin a ruwa ashirin da uku. Sabulu ya ƙi daskarewa. Ta ɗauko shi a baho a kanta tun daga gida har Magazin, ta dire a gabana ta kira ni Wofa, wato kawu da Asantanci, ta ce, "Ga koko na kawo maka, sha." Wata guda 'yan rumfa suna kirana mai koko.

Ga abin da ya ba ni mamaki daga baya: tsakanin zane da zane babu kuskure. In ta ɗebi ruwa daga zanen ashirin zuwa na takwas, galan goma sha biyu ne cif. Da na faɗa wa Ticha haka sai ya buga tebur, ya ce shi ya sa in ƙugiyar tana da lamba a sama da lamba a ƙasa harafin ke faɗuwa da kansa, in kuma ba ta da su dole a rubuta shi. Ka riƙe bambancin nan. In an tambaye ka daga nan zuwa can, ɗebe na ƙasa daga na sama. In ba a ba ka iyaka ba, ka tuna da ruwan da ke kwance a gindin tankin Maame, ka rubuta harafinka.

Akwai wani wuri da Ticha ya ce ka yi dabara mai kyau, ka musanya wani dogon abu da harafi guda don lissafin ya yi sauƙi, amma ka bar lambobin sama da ƙasa yadda suke, na tsohon harafin. Wannan ma na yi. Ina cikin awon wani babban tanki garwata ta huje, na ari bokitin mai wake da shinkafa na ci gaba da ƙirga, goma sha ɗaya, goma sha biyu, kamar bokiti da garwa uwarsu ɗaya. Allah ya taimake ni Masta yana kusa. Ya cika bokitin ya juye a sabuwar garwa, ruwan ya tsaya bai kai wuya ba. Sauya ma'auni ba laifi ba ne, sau da yawa shi ne mafita. Amma in ka sauya, sauya komai tare, har da ɗan guntun da ke bayan ƙugiyar da iyakokin biyu, kada ka bar rabi a garwa rabi a bokiti.

Tun daga ranar Masta ya kafa mini doka, har yau kuma ban karya ta ba: sanda ba ta barin rumfa sai an bi ta da baya. In na gama cikawa ina sara, sai in buɗe famfo in riƙa tarar ruwan garwa-garwa, ina duba ko zai sauka a kan kowane zane. Aiki biyu ne, baya yana ciwo, amma tun da na fara ba a sake dire mini baho ba. Ticha ya ce ku ma kuna da famfonku. Wai lissafin da kuka yi bara, na saurin canzawar abu, shi ne bayan wannan. In ka sami amsa ka bi ta da wancan, dole ta maido ka kan tambayar da aka ba ka, in ba ta maido ka ba akwai ɓaraka. Ya ce ko a tambaya ɗaya bai ga alamar ka yi haka ba, ga shi kuma ka bar rabin shafi fari, wato lokaci bai ƙure maka ba. Haba Babana. Wanda aka ba hanyar da zai duba kansa tun kafin malami ya duba shi, me zai sa ya miƙa takarda ya fita shan iska?

Sauran jan tawadar, in ji shi, ba na sabon karatun ba ne ma. Aljabara ce ta sakandare da lissafin kusurwa, nan ka juya alamar ɗebewa ta zama ta tarawa, can ka manta wata ƙa'ida da ka sani tun kana aji uku. Wannan ya fi ba ni haushi, don halina ne sak. Ina koyon aiki na ƙi jinin magagari. Walda nake so, mai wuta da tartsatsi, wadda mutane ke tsayawa kallo. Sai in haɗa ƙarfe biyu da bakinsu bai daidaita ba, in cika ramin da walda, bayan wata uku ya tsage. Masta ya karɓe mini wuta wata biyu cur, ya bar ni da magagari da guntayen ƙarfe. Na yi fushi, na yi ƙunƙuni, amma hannun da nake ci da shi yau a wata biyun nan na same shi. Ka ware rabin awa kullum bayan sallar asuba, ka yi ta yin ƙananan nan da kake rainawa har hannunka ya riƙa yinsu ba tare da kai ba. Manyan dabarun kuma, na musanya harafi, da na raba tambaya gida biyu a bi da ita sannu, da na farfasa lamba mai sama da ƙasa, Ticha ya ce ba a gane wadda za a ɗauka ta karanta littafi, sai an yi tambayoyi da yawa har ido ya saba. Na yarda da shi. Ni ma ba na tunani kafin in san guduma da ta dace da ƙarfe, amma na fasa ƙarfe da yawa kafin in kai haka.

Yanzu ga wanda ban taɓa gaya maka ba, kuma saboda shi na zauna rubutun nan.

Bayan maganar Yeji, ban tsaya a rumfa ba. Na yi awon garwar da Masta ya sa ni, na ga kuskurena da idona, kwana uku bayan haka na tattara na bar Kumasi. Ba wanda ya kore ni. Kunya ce kawai, ba na iya haɗa ido da direbobi. Na gaya wa Mmanka wai aikin ƙarfe ba shi da albarka, zan tafi Salaga in bi 'yan goro, don ku nake yi. Kana da wata huɗu a duniya. Ƙarya nake yi, kuma ta san ƙarya nake yi. Shekara ɗaya da rabi na yi ina ɗaukar huhu a ka, ni da na iya yanka ƙarfe. Ita ta riƙe ka da sayar da koko a ƙofar gida. Lokacin da ka fara tafiya ba na nan. Kalmar farko da ka faɗa, a bakin mutane na ji ta.

Masta ne ya aiko mini da saƙo ta bakin Alhasan ɗin nan dai, shi da kansa. Ya same ni a tasha ya ce, "Masta ya ce a gaya maka, sanda ɗaya ka ɓata, shi ya ɓata bakwai kafin a haife ka. Ni kuma tankina na biyu yana jira, na ce ba mai yi sai kai, don kai ne ka san inda ramin yake." Na zauna a kan huhu na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa maka. Kuskuren sanda ya ci goron kwana biyu. Gudun da na yi ya ci mini shekara ɗaya da rabi na ƙuruciyarka, kuma wannan ba a sake awonsa.

Shi ya sa da Mmanka ta ce wai za ka dawo don ka taimake ni, na gane muryar, tawa ce. Na san tun da dokar nan ta korar baƙi marasa takarda ta sa baffanka Hamidu ya koma Dosso da iyalinsa rumfa ta yi mini faɗi, kuma na san kana ganin yadda nake dafa ƙugu in na miƙe. Allah ya yi maka albarka da ka lura. Amma kada ka ɗauki bayana ka rufe kunyarka da shi. Takarduna sun fito, ba inda za ni. Aiki yana zuwa daidai ƙarfina, muna ci muna ƙoshi, da la'asar ina zama ƙofar masallaci a yi hira a yi dariya. Wallahi ban taɓa jin daɗin zamana kamar yanzu ba, kuma rabin daɗin nan na sanin kana can ne. In ka zauna jarrabawar Yuni da dukan ƙarfinka ta kayar da kai, ka dawo, ni zan tarye ka a tasha, ba wanda zai ji komai a bakina. Amma ba ka da izinina ka taho kafin ka zauna ta. Kuma ka je wurin malaminka da takardar nan a hannu ka ce ya nuna maka. Ni da furfurata na kai ta Manhyia, ba abin da ya ragu a jikina.

A gefen akwatinka, cikin tsohon zanen Mmanka, za ka ga sandar tagulla. Ita ce ta Alhasan, mai zane huɗu daidai wa daida. Shekara ashirin da ɗaya tana rataye a rumfa inda nake ganinta kullum. Ka rataye ta inda kake karatu.

Akwai wata kuma da ban ba ka ba. Ka ga tankin da nake haɗawa a bayan rumfa, wanda ka tambaye ni na wane ne na ce na wani ne. Na gidanmu ne, na Mmanka, don ta huta da layin famfo. Ba zagayayye ba ne, mai siffar ƙwai ne irin na motocin mai, a kwance. Tsawonsa ƙafa shida, faɗinsa ƙafa huɗu, zurfinsa ƙafa uku, duka awon ciki ne, bakinsa biyu kuma shafaffu ne. Na yanke masa sanda, na goge ta, ban sara mata ko zane ɗaya ba. Ticha ya ce wanda ya ci jarrabawar nan zai iya faɗin inda zanen kowane galan ashirin zai zauna ba tare da ya taɓa ruwa ba. Ni ban taɓa ganin an yi haka ba, kuma ina so in gani kafin in mutu. Ka aiko mini da lambobin, inci nawa daga gindi, in sara su yadda ka faɗa. Ranar da ka dawo hutu sai mu ɗauko garwa ni da kai, mu zuba mu gani ko ruwa zai yarda da kai. In ya ƙi, mu nemo inda ramin yake, sanda ba ta ƙare a Magazin ba.

Mmanka ta ce tankin da ba a san abin da ke cikinsa ba ai rijiya ce, in sara mata zanenta ta huta. Na ce ta yi haƙuri, mai awon yana makaranta.

Allah ya buɗa maka ƙirji, ya ba ka natsuwa a ɗakin jarrabawa, ya kiyaye ka daga ciwo da mugun abokin tafiya. Kada ka bar salla, kada ka zauna da yunwa don karatu. Mmanka tana gaishe ka, ta ce yajin na cikin gwangwanin madara, kada ka ba kowa ya ƙarar maka. Allah ya dawo mana da kai lafiya, ya sa mu gana da alheri.

Sandar tana jingine a bayan ƙofar rumfa. Ba zan taɓa ta ba sai na ga rubutunka.

Ni ne mahaifinka,
Mumuni mai tanki